In An Durƙusa Maka da Buta: Jagorar Baƙo a Gidajen Malanville

Wanda ya sauka a gidan wani attajiri a Malanville, kafin ya gama gaisawa da maigida an riga an raba shi da jakarsa. Wani saurayi ya yi ciki da ita, wani ya gyara masa takalma a bakin ƙofa, wata yarinya ta kawo ruwa ta durƙusa har ƙasa, ba za ta tashi ba sai ya sha ya miƙo kofin. In abinci ya zo, akwai mai riƙe buta ya zuba masa ruwa a hannu, sannan ya koma gefe ya tsuguna yana jiran a gama ya kwashe kwanuka. Bakano ko Basakkwacen da ya tashi a babban gida ba zai ga wani abu a nan ba. Amma ɗansa da ya girma a Legas ko Landan, da ma'aikaciyar agajin da ta zo daga Faransa ko Kanada, da ɗalibin da ya zo bincike kan kasuwancin iyaka, sukan ji loma ta tsaya musu a wuya. Dominsu na yi wannan rubutu, da kuma Bahaushen da aka haɗa su da shi a matsayin tafinta ko ɗan rakiya, tunda shi za a ja gefe da dare a tambaya, "Wai yarinyar nan biyanta ake yi kuwa?"

Ni ban ga laifin baƙon da ransa bai kwanta da wannan ba. A wasu gidajen ma abin da yake zargi gaskiya ne. Damuwata ita ce inda yake sauke nauyin da ya ji. Sau da yawa sai ya fizge butar ya ce shi zai zuba da kansa, ko ya ce lallai yarinyar ta tashi ta zauna kusa da shi, ko ya buɗe wa maigida lacca kan 'yancin ɗan Adam a gaban jama'arsa. Shi ya samu sauƙi a ransa, bayan kwana uku ya hau mota ya tafi. Yarinyar kuwa, ita za a tsare a cikin gida a tambaya me ta yi wa baƙo har ya ƙi ruwanta. Saboda haka kafin ka yi komai a gidan da aka sauke ka, ka tambayi kanka wa zai ɗauki sakamakon bayan ka tafi.

Sanin garin zai taimaka maka. Malanville tana can ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin, a jihar Alibori, bakin kogin Kwara, fiye da kilomita 700 daga Kwatano, kusan 100 daga Kandi. Da ka haye gada ka shiga Gaya ta Nijar, daga Gaya kuma Kamba ta jihar Kebbi ba nisa. Kasuwarta ake lissafawa ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa ta Kwatano: albasa, shinkafa, masara, garin rogo, doya, dabbobi, atamfa, duk suna sauya hannu a nan tsakanin Dendawa, Zabarmawa, Fulani, Hausawa, Yarbawa da mutanen kudu. Gari irin wannan a kan mai masauki yake tafiya. Tun zamanin da fatake ke tasowa daga Kano da Sakkwato su ratsa ƙasar Borgu zuwa Gwanja neman goro, baƙon ɗan kasuwa wurin fatoma yake sauka, a ba shi ɗaki, a ajiye masa kaya, a nemo masa mai saye, a tsaya masa in bashi ya shiga. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, kuma duk wanda ya san zango a Kumasi ko Paraku ya san shi. Mai masauki ba ya iya wannan aiki shi kaɗai. Yana buƙatar hannuwa da yawa, kuma yawan mutanen da ke amsa kiransa shi ne shaidar da abokan ciniki ke dubawa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, da aka rufe gada, manyan motoci suka yi jerin gwano na kilomitoci, mutane suka koma tsallake kogi a kwalekwale, sai darajar samarin mai masauki ta ƙara fitowa. Yaron da ya ɗauki jakarka shi ya san wane jirgi ake shiga, wane ake gudu, da ƙarfe nawa ba a fita.

Wane ne ke riƙe da butar?

Kuskuren farko shi ne ka ɗauka duk mai durƙuso bara ne. A gida ɗaya mutane da yawa na iya yi maka aiki iri ɗaya alhali matsayinsu ya sha bamban.

Sau da yawa saurayin da ya ɗauki jakar ɗan maigida ne na cikinsa, wataƙila ma ɗalibin jami'ar Paraku da ya zo hutu, yarinyar kuma autar Hajiya. Gidan da ke ji da tarbiyya ɗansa yake tura wa baƙo mai daraja. Durƙuson da ta yi maka shi take yi wa mahaifinta kowace safiya, kuma in ka hana ta, ka hana gida nuna abin da yake alfahari da shi.

Sai yaran maigida, waɗanda galibinsu sun wuce ƙuruciya, har da masu furfura. Wannan ita ce barantakar da M. G. Smith ya yi rubutu a kanta bayan zamansa a ƙasar Zazzau wajajen 1950. Mutum ya kawo kansa, ko iyayensa su kawo shi, ya jira shago, ya raka mota, ya ƙirga buhu, ya kwana a zaure. Ba shi da albashi tsayayye, amma cinsa da suturarsa da maganinsa suna kan maigida. In aure ya zo a biya masa sadaki, in ya daɗe ya nuna amana a sallame shi da jari. 'Yan kasuwa da yawa da ake kira Alhaji yau ta wannan ƙofa suka shigo. Ba na cewa tsarin ba shi da aibi. Babu takarda a tsakani, kuma akwai wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙofar wani aka sallame shi hannu wofi. Amma ka sani mutumin nan yana da ikon tafiya in ya ga dama, kuma hidimar da yake yi maka tana cikin abin da maigida ke auna shi da shi. In ka ƙi ta, ka rage masa daraja. In ranar tafiya ka ce wa maigida a gabansa, "Alhaji, wallahi wane ya riƙe ni amana," ka ba shi abin da ya fi kuɗin da za ka saka masa a aljihu.

Akwai masu albashi: kuku, mai gadi, direba, mai wanki da guga. Mafi ƙarancin albashi a dokar Benin ya tashi daga sefa 40,000 zuwa 52,000 a farkon 2023, ko da yake ba kowane gida ke kai wa nan ba. Wannan aiki ne kamar kowane aiki, a duniya baki ɗaya. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta ƙiyasta masu aikin gida sun haura miliyan 75 a rahotonta na 2021. Baturen da ya kwana a otal a Paris ma wani ne ya wanke masa banɗaki ya shimfiɗa masa gado, sai dai an tsara abin yadda ba za su haɗu ba. A Malanville kana ganin fuskar mai yi maka, kana iya sanin sunansa, kuma ni a ganina wannan dama ce.

Inda ya kamata ka buɗe ido shi ne riƙo. Ba da ɗa ga gwaggo ko kaka ko aminin uba tsohuwar al'ada ce. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta haihu ba amma ta riƙi 'ya'yan dangi ta aurar da su. Akwai ɗimbin mutanen da riƙo ya kai su makaranta, da sun zauna a ƙauye ba za su gan ta ba. Amma talauci da kuɗi sun lalata abin a wurare da yawa. A kudancin Benin ana kiran irin waɗannan yara vidomegon, yawancinsu mata, ana kawo su daga ƙauye su yi talla da wanke-wanke tun asuba, wani lokaci da ɗan kuɗin da aka miƙa wa iyaye ta hannun dillali. A watan Afrilun 2001 duniya ta ji labarin jirgin ruwan Etireno, wanda ya tashi daga Kwatano zuwa Gabon aka koro shi, aka samu yara kusan 40 a ciki. Gari na iyaka kamar Malanville, inda motoci da jirage ke shiga da fita dare da rana, ba zai rasa nasa rabon ba. 'Yar riƙo da 'yar aikin da aka saya da sunan riƙo duk "'yar ƙanwata" za a ce maka.

Daga ƙarshe akwai abin da ba a faɗa a zaure, wato ragowar bauta. Faransa ta haramta cinikin mutane a yankunanta na Afirka ta Yamma a 1905, amma asali bai goge a bakin mutane ba. A ƙasar Zabarmawa da Dendawa har yanzu ana sanin gidan da kakanninsa bayi ne, kamar yadda aka san cucanawa a fadojin ƙasar Hausa. A Borgu da Alibori akwai al'ummar Gando, waɗanda kakanninsu suka yi wa Fulani da sarakunan Bariba bauta, kuma yau akwai malaman makaranta da zaɓaɓɓun shugabanni a cikinsu. Yawanci abin da ya rage shi ne wa ke yanka rago ranar suna, wa ke dafa abincin biki, wa ba a ba shi aure. Wani lokaci ya fi haka muni. Hadijatou Mani, daga yankin Birnin Konni, an sayar da ita tana da shekara 12 a 1996, kuma a ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ECOWAS ta samu gwamnatin Nijar da laifin gaza kare ta, ta ce a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka tun 2003, ƙungiyar Timidria kuma tana gwagwarmayar yaƙi da bauta a can tun 1991.

To yaya za ka bambance? Kada ka kuskura ka tambayi kowa, "Wannan bawa ne?" Ko da gaskiya ne ka ci mutuncinsa, in kuma ba gaskiya ba ne ka zagi zuriyarsa. Tambayar da kowa ke yi ba a ga laifinsa ita ce, "Ɗan wajen wa ne?" ko "Mutumin ina ne?" Sauran kuma ido zai ba ka. Da safe ka duba wa ya sa kayan makaranta wa ya ɗauki tsintsiya, alhali shekarunsu ɗaya. Ka duba ƙafa: wa ke da takalmi. Ka saurari yadda ake kira, da suna ko da "ke!" Ka lura ko yaran gida suna wasa da ita, ko tana dariya in an yi abin dariya, ko tana zabura in babba ya ɗaga hannu. Baƙo makaho ne ko yana da ido, don haka ka ba kanka kwana biyu kafin ka yanke hukunci.

Daga ƙofar gida zuwa kwano

Ka saki jakar. In akwai kuɗi ko fasfo ko kwamfuta, ka ware su tun a mota cikin ƙaramar jakar da za ka rataya, domin riƙe babbar jaka gam a ƙofar gida yana nufin kana zargin mutanen gidan da sata.

Ruwan maraba ka karɓa da hannun dama, ka kurɓa ko kaɗan ne, ka miƙa da sauri. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta tayar da mai durƙuso: ka gaggauta biyan buƙatar da ta durƙusa dominta. In cikinka ba ya ɗaukar ruwan rijiya, ka kai kofin baki ka ajiye, daga baya ka gaya wa maigida kai kaɗai da shi cewa likita ya ɗora ka kan ruwan gora. Ba zai ji haushi ba.

Ka tambayi sunan kowa tun ranar farko, ka riƙe. Namijin da ya girme ka, ko share tsakar gida yake yi, Baba ne ko Malam. Macen da ta girme ka Inna ce ko Iya. Kada ka ɗauki "kai yaro" daga bakin maigida ka maimaita, shi yana da shekarun zama da su da kai ba ka da su. Hausa na tafiya a kasuwar Malanville, amma in ka ce wa Bazabarme ko Badende "fofo", ko ka ce wa Bafulatani "mi yetti", za ka ga fuska ta sake. Gaisuwar safe ka fara da maigida, amma kada ka tsallake mai gadi da mai shara. "Sannu da aiki" ba ta taɓa jawo wa kowa faɗa ba.

Wurin wanke hannu ka miƙa hannuwanka kan tasa, a zuba, ka ce madalla. In wanda ke zubawa dattijo ne kuma abin ya yi maka nauyi ƙwarai, akwai hanyar da al'adar kanta ta yarda da ita: ka ɗan russuna, ka tallafi butar da hannu ɗaya, ka ce, "Haba Baba, ai ni ya kamata in zuba maka." Zai ƙi, ka bari ya zuba. Ka girmama shi a idon jama'a, aikinsa kuma bai tsaya ba.

Batun ci ya fi kowanne wuya ga baƙo, domin shi yana ci wani yana kallo. Ka ce "bisimilla" ga duk wanda ke wurin, haka ake yi, shi kuma zai ce "alhamdu lillahi" ya ƙi. Kada ka matsa. Bara ba ya sa hannu a kwanon maigida gaban baƙo, ɗan cikinsa ma sau da yawa ba ya yi, kuma in ka tilasta masa ba zai iya haɗiya ba. Ga abin da za ka yi masa na gaske. A gidaje da yawa abin da baƙo ya rage shi ke komawa wurin samarin zaure, shi ya sa ake cika maka kwano fiye da cikinka. Ka ci daga gabanka kawai, kada ka dagula shinkafar da miya gaba ɗaya, kada ka tsattsaga kifin ka bar ƙaya a ciki. In an sa tsoka huɗu, ka ci ɗaya ko biyu ka bar sauran yadda suke, ka rufe kwanon. Baturen da aka koya wa cewa ladabi shi ne share faranti yakan cinye abincin mutum uku yana ganin ya kyauta.

Wanki ka bayar da manyan kaya, ka wanke na ciki da kanka. Ɗakinka in an zo shara ka fita ka ba da wuri. Namiji baƙo kada ya bar yarinya ita kaɗai da shi a ɗaki ƙofa a rufe, ko da minti ɗaya. Ka karɓi abin da ta kawo a bakin ƙofa, domin sunanta ne zai ɓaci. Mace baƙuwa ta fi samun sarari. Tana iya shiga cikin gida ta zauna kusa da murhu, ta karɓi tsince shinkafa ko yankan albasa, za a yi dariya a ce ta bari, ta ci gaba kaɗan. A nan ne za ta ga wa ke aiki, wa ke hutawa, wa ke cin ƙanzo.

Hoto kuma, kada ka ɗauki mai yi maka hidima yana durƙushe ka sa a Facebook da dogon bayani kan halin da Afirka ke ciki. Waya ta kai ko'ina, hoton zai dawo gidan kafin kai ka isa naka.

Tukwici

Yaba kyauta tukwici, kuma yaron da aka aiko da kwano ko ya yi maka aike yana sa rai, ba roƙo ba ne. Ka tanadi canji tun daga Kandi ko Gaya. Lissafin kasuwa da dala ake yi, dala ɗaya sefa 5: sefa 100 dala ashirin, 500 dala ɗari, 1,000 jika guda. Ga ƙaramin aike, dala ashirin zuwa ɗari ta isa. Ranar tafiya, wanda ya tsaya a kanka kwana da kwanaki ka ba shi jika biyu zuwa biyar gwargwadon ƙarfinka, a dunƙule cikin musafaha, ka ce "ga na goro." Sauran samarin ka ba babbansu wani abu a gabansu ya raba. Kada tausayi ya sa ka zuba wa mutum ɗaya abin da ya fi albashin wata, domin ka haɗa shi da 'yan uwansa, ka kuma sa maigida ya fara tunanin me ya gaya maka.

Yarinya 'yar riƙo kuɗi ba ya zama a hannunta. Ka saya mata abin da ba ya shiga kowa sai ita, takalmi daidai ƙafarta ko yadin da za a ɗinka mata, ka sayo wa sauran yaran gida ma wani abu don kada a tsangwame ta, ka miƙa ta hannun Hajiya kana ambaton sunan kowa. Abin da aka bayar a bainar jama'a da suna yana da wuyar ɓacewa.

Inda shiru ya zama laifi

Duk abin da na faɗa a sama bai shafi duka da yunwa da tsare mutum ba. In ka ga shatar bulala a jikin yaro, ko yarinya 'yar shekara takwas tana ɗibar ruwa tun kafin asuba har dare ba makaranta ba allo, ko babban da aka hana shi fita, ko ƙaramar yarinya da ake kai wa baƙi ɗaki da dare, wannan zalunci ne, kuma mutanen garin ma haka suke kiransa. Dokar Benin tana tare da kai. Kundin tsarin mulkin 1990 ya wajabta karatun firamare, an soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati a 2006, a shekarar kuma aka yi dokar hana safarar yara, sannan dokar yara ta 2015 ta hana sa wanda bai kai shekara 14 ba aiki.

Amma yadda za ka yi maganar shi ne komai. In abin na gyara ne, kamar rashin makaranta ko yawan aiki, ka samu maigida shi kaɗai, bayan sallar isha ko wurin shayi, ka fara da godiya, ka shigo da maganar a matsayin neman lada: "Alhaji, yarinyar nan tana da kai. In ka yarda, ina so in ɗauki nauyin littattafanta da kayan makaranta, ladan na gidanka ne." Ka bar masa ƙofar da zai fita da girmansa. Hujjar da za ta shige shi tana cikin addininsa. Ya san Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Ya san an yi umarni a ciyar da mai hidima daga abin da ake ci, a tufatar da shi daga abin da ake sawa, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. In kai ba Musulmi ba ne, ko ka ga bakinka bai kai ba, ka bi ta limamin unguwa ko wani aminin maigida. Kuɗin makarantar kuma ka kai wa shugaban makaranta da kanka, ka karɓi lambarsa, ka riƙa tambaya ko tana zuwa.

In abin ya kai ga rauni ko fyaɗe ko sayar da mutum, ya wuce sulhun zaure. Akwai ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, akwai 'yan sanda, akwai kuma lambar waya 138 da gwamnatin Benin ta ware don kai ƙarar cin zarafin yara. Ka rubuta abin da ka gani da idonka, da rana da lokaci, ban da abin da ka zata. Ka bar gidan tukuna kafin ka kai magana. Kada ka tsare yaron da tambayoyi a inda za a gan ku, kuma ko kusa kada ka ɗauke shi a mota da sunan ceto. A bakin iyaka, baƙo da yaron da ba nasa ba, kai za a kama da laifin safara, kuma da gaskiyar jami'an.

Kai kuma ɗan rakiya, aikinka ya fi na tafinta. Ka yi wa baƙonka bayanin nan tun a hanya, kafin a kai ƙofar gida. In ya faɗi magana mai kaifi, ka tausasa lafazin amma kada ka haɗiye ma'anar. Kada kuma kishin gida ya sa ka ce masa duk lafiya alhali kai ma ka ga abin da ya gani. Mu da muka tashi cikin wannan tsari mun fi kowa sanin gidan da ake riƙon amana da gidan da ake cin ta.

Ranar sallama samari za su karɓi lambarka, wani zai raka ka tasha ya ce ka tafi da shi Abuja ko Turai ko da wanke mota ne. Ka gaya masa gaskiya a take cewa ba za ka iya ba. "Sai mu gani" da kai ka faɗa don kunya, shi zai riƙe ta shekara yana jira, wataƙila har ya yi sakaci da maigidan da zai sallame shi da jari. In akwai abin da za ka iya, kamar kuɗin koyon tuƙi ko ɗinki ko gyaran babur, ka faɗe shi a gaban maigida, ka sa wata, ka aiko a watan. In ka isa gida ka kira Alhaji ka yi bangajiya, sannan ka ce a ba ka wane da wance ku gaisa, kowa da sunansa, ka kuma tambaya ko yarinyar ta fara zuwa makaranta.